Arashi, Littattafai da Marubuta: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da arashi mai ma'ana, kuma me ya raba shi da sa'a?

Arashi shi ne abubuwa biyu su haɗu ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba, kuma ba wanda ya shirya haɗuwar. Ana cikin hirar mutum sai ga sallamarsa, a ce ɗan halak ya ƙi ambato. Ka yi mako kana cigiyar wani tsohon littafi, sai ka yi kiciɓis da shi a shimfiɗar mai sayar da littattafai a bakin masallacin Juma'a. Sa'a tana duba abin da ka samu ne, tsautsayi kuma abin da ka rasa. Arashi ba ruwansa da riba ko asara, haɗuwar kanta ce abin mamakin. Idan haɗuwar ta zo da alheri, shi ne ake cewa gamon katar, ko faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ma'anar kuwa daga wurin wanda abin ya faru gare shi take fitowa. Motoci biyu masu lamba kusan ɗaya suna wuce ka kullum ba ka kula ba. Ranar da lambar ta yi daidai da shekarar rasuwar mahaifinka, ranar ce za ka tsaya.

Su waye suka fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci har suka rubuta littafi a kai?

A Turai mutum uku aka fi ambata. Na farko Paul Kammerer, masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya fitar da littafinsa a 1919. Yakan zauna a wurin shaƙatawa na sa'o'i yana rubuta masu wucewa: shekarunsu, tufafinsu, wa ke riƙe da laima, wa ke ɗauke da ƙunshi. Ya kammala da cewa abubuwa masu kama da juna suna zuwa a jere bisa wata doka ta halitta. Masana lissafi ba su karɓi wannan ba, domin ko ƙuri'a aka yi ta jefawa, dole a riƙa samun jeri.

Na biyu, kuma wanda ya fi suna, shi ne Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1961. A 1952 ya buga dogon bayaninsa a littafi ɗaya da na Wolfgang Pauli, masanin kimiyyar lissafin halitta da ya ci kyautar Nobel a 1945. Misalin da Jung ya fi kafa hujja da shi na wata mata ce da yake dubawa. Tana ba shi labarin mafarkin da ta yi, an ba ta abin ado na zinariya mai siffar buzuzu, sai ya ji wani abu yana bugun taga. Ya buɗe, ya cafke wani ƙwaro mai sheƙi na dangin buzuzu, ya miƙa mata. A faɗarsa, daga ranar jinyarta ta fara ci gaba. Jung ya ɗauka akwai wata alaƙa ta ma'ana tsakanin zuciya da duniyar waje wadda ba ta bi ta sababi. Ra'ayi ne mai jan hankali, amma ba wanda ya samo hanyar gwada shi, shi ya sa ya fi zama a adabi da falsafa fiye da ɗakin gwaje-gwaje.

Na uku Arthur Koestler, marubucin da ya sake tayar da batun a 1972, ya kai shi ga talakan mai karatu.

Da gaske ne wani marubuci ya ba da labarin nutsewar jirgin ruwan Titanic shekara 14 kafin ta faru?

Littafin yana nan, kuma kamannin suna da yawa. A 1898 Morgan Robertson, Ba'amurke, ya buga gajeren labari mai suna Futility. A ciki akwai katafaren jirgin ruwa, Titan, wanda ake taƙama ba ya nutsewa. Ya yi karo da dutsen ƙanƙara a arewacin tekun Atlantika cikin watan Afrilu, kuma kwale-kwalen ceto ba su ishi mutanen ciki ba. Titanic ta nutse a daren 14 zuwa 15 ga Afrilun 1912, a wannan yankin, ta wannan hanyar. Tsawon Titan ƙafa 800, na Titanic ƙafa 882. Titan na da kwale-kwale 24, Titanic 20.

To amma a karanta sauran. Robertson ɗan kyaftin ɗin jirgi ne, shi kansa ya shafe shekaru yana aiki a teku. Ya san kamfanoni suna gasar ƙera manyan jirage masu gudu. Ya san ƙanƙara tana gangarowa hanyar jiragen da ke tsakanin Ingila da Amurka a wajen watan Afrilu. Ya kuma san dokar Ingila ta 1894 ta tsaya a kan kwale-kwale 16 ga duk jirgin da ya haura tan 10,000, komai girmansa, alhali Titanic ta kai tan 46,000. Duk wanda ya san waɗannan abubuwa uku, idan aka ce ya ƙirƙiro haɗarin jirgi, kusan wannan labarin zai rubuta. Tun a 1886 ma ɗan jaridar Ingila W. T. Stead ya rubuta ƙagaggen labari yana gargaɗi a kan ƙarancin kwale-kwalen ceto, kuma yana cikin waɗanda suka mutu a Titanic.

Akwai kuma bambance-bambancen da masu yaɗa labarin ke tsallakewa. Titan daga Amurka ya taso zuwa Ingila, Titanic daga Ingila zuwa Amurka. Titan ba a tafiyarsa ta farko yake ba, Titanic kuwa a tafiyarta ta farko ta nutse. Mutum 13 kacal suka tsira a labarin, a Titanic kuwa kusan 700 ne cikin mutum wajen 2,200. Jarumin labarin har dambe ya yi da wata dabbar ƙanƙara a kan dutsen. Sannan bayan haɗarin an sake buga littafin a 1912, aka ƙara wa jirgin nauyi da ƙarfin inji. Wanda ke kwatanta alƙaluma ya tabbatar da bugun da yake hannunsa.

To labarin Richard Parker fa?

Wannan ya fi wuyar warwarewa, kuma a ganinmu shi ne arashi mafi ban mamaki a tarihin adabi. A 1838 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya buga ƙagaggen labarin wasu mutum huɗu da jirginsu ya lalace a teku, yunwa ta ci ƙarfinsu, suka yi ƙuri'ar wanda za a kashe a ci. Ta faɗa kan wani mai suna Richard Parker. Bayan shekara 46, a 1884, wani ƙaramin jirgi, Mignonette, ya nutse a hanyarsa daga Ingila zuwa Ostireliya. Mutum huɗu suka tsira a kwale-kwale, bayan kwanaki masu yawa ba ci ba sha suka yanka ƙaramin cikinsu, yaro ɗan shekara 17. Sunansa Richard Parker.

Kotun Ingila ta samu kyaftin Tom Dudley da mataimakinsa Edwin Stephens da laifin kisa, aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin wata shida. Ɗaliban shari'a har yau suna karanta wannan ƙara. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, Richard da Parker sunaye ne gama-gari a Ingila, kamar a ce Musa Ibrahim a wurinmu, kuma cin naman mutum bayan haɗarin jirgi ya sha faruwa a wancan zamanin. A labarin Poe an yi ƙuri'a, a Mignonette ba a yi ba. Duk da haka daidaituwar sunan tana nan daram.

Ana cewa manyan marubuta biyu, Shakespeare na Ingila da Cervantes na Sifaniya, rana ɗaya suka mutu, shi ya sa aka sa Ranar Littafi ta Duniya a 23 ga Afrilu. Haka ne?

Hukumar UNESCO ta ware 23 ga Afrilu a 1995, kuma wannan yana cikin dalilanta. Sai dai kwanan watan ne ɗaya, ranar ba ɗaya ba ce. A 1616, shekarar da suka mutu, Sifaniya ta riga ta koma sabuwar kalanda tun 1582, Ingila kuwa sai a 1752 ta koma, kuma a lokacin tsakanin kalandun biyu kwana 10 ne. Ranar 23 ga Afrilu ta Ingila ita ce 3 ga Mayu a Sifaniya. Bugu da ƙari, Cervantes ranar 22 ya mutu, 23 aka binne shi. Duk wanda ya saba mayar da kwanan watan Hijira zuwa na Miladiyya ya san irin wannan tarkon.

Me ya sa arashi ke yawan faruwa haka, in dai abu ne mai wuya?

Domin zuciya ba ta iya ƙiyasin yawan damar da ake da ita. Ga gwaji da za a iya yi a kowane aji. Mutum nawa za a tara kafin a yi tsammanin biyu daga ciki sun haɗa ranar haihuwa? Yawancin mutane za su ce 180 ko fiye. Amsar ita ce 23. Da mutum 23 yiwuwar ta ɗan haura kashi 50 cikin 100, da mutum 57 ta kai kashi 99. Sirrin shi ne ba mutane ake ƙirgawa ba, haɗin bibbiyu ake ƙirgawa: 23 sau 22, a raba biyu, haɗi 253 ke nan. Idan kuwa ranar haihuwarka kai kaɗai ake nema wa abokin tarayya, sai an tara wasu mutum 253 kafin yiwuwar ta kai rabi. Tambayar “wani zai dace da wani?” da tambayar “wani zai dace da ni?” nesa suke da juna, amma mai ba da labarin arashi yakan gauraya su. Mai yin gwajin ya yi hattara da masu 1 ga Janairu a takarda, don da yawansu cike gurbi aka yi musu.

Da sunayen rana abin ya fi sauƙin gani. Ranakun mako bakwai ne, saboda haka a cikin mata takwas dole biyu su haɗa rana, ko Ladi biyu, ko Talatu biyu, ko Jummai biyu. Ko huɗu ne kawai, yiwuwar ta kai kashi 65 cikin 100.

Akwai wani lissafi da ake jingina wa J. E. Littlewood, masanin lissafi na Jami'ar Kambirij. A ce mutum yana lura da abu ɗaya kowace daƙiƙa, awa takwas a rana: abu 28,800 ke nan a yini, miliyan ɗaya cikin kwana 35. Idan haka ne, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin miliyan zai iya samun kowa kusan sau ɗaya a wata. A faɗaɗa wannan zuwa gari mai mutum miliyan ɗaya da kowa ke mafarki kowane dare, sai a ga dole wani ya yi mafarkin ɗan'uwansa a daren da ɗan'uwan ya rasu. Shi za a ji labarinsa. Sauran da suka yi irin mafarkin gari ya waye lafiya, ba wanda zai ba da nasu.

Na koyi sabuwar kalma jiya, yau na gan ta sau uku. Kuma na yi maganar wani littafi, sai ga tallarsa a wayata.

Abu biyu ne daban. Kalmar tana nan tun da, idonka ne yake tsallake ta, yanzu da ka san ta sai ya fara tsayawa a kanta. Haka mai ciki take ganin kamar duk matan unguwa ciki gare su.

Ta waya kuwa sababi gare ta, ɓoye yake kawai. Facebook da Google suna tara bayanan abin da ka nema, shafin da ka daɗe a kai, wurin da kake, da mutanen da kuke hulɗa. Idan abokin da kuka yi hirar ya nemi littafin, ko littafin yana tashe a tsakanin masu irin karatunka, tallar za ta iso ka ba tare da wani abin al'ajabi ba.

Yaya zan gwada arashin da ya same ni kafin in ba da labarinsa?

Da farko rubuta shi a ranar, da kwanan wata da lokaci, kafin ka faɗa wa kowa. Labari yana gyaruwa a baki: “na tuna da shi a makon nan” yakan koma “ina cikin tunaninsa wayar ta shigo” bayan an faɗa sau uku. Idan mafarki ne, a rubuta shi da asuba, kafin wani abu ya faru da za a ce ya fassara shi.

Sannan nemi sababin da ya haɗa ku. Ka tuna da tsohon abokin makaranta, shi ma ya kira ka a ranar. Duba ko an sanar da rasuwar malaminku, ko lokacin Sallah ne da kowa ke neman kowa, ko wani ya sa hoton ajinku a zauren WhatsApp.

Bayan haka tambayi kanka abu nawa za ka karɓa a matsayin dacewa. Idan sunan mutum, ko garinsa, ko ranar haihuwarsa, ko lambar wayarsa duk za su burge ka, to ƙofofi da yawa ka buɗe, dole wani abu ya shigo ta ɗaya.

Gwaji mafi gaskiya shi ne ƙirga kuskure. Ɗauki kwana 30, duk lokacin da ka ji a jikinka wane zai kira ko zai zo, rubuta nan take, ka sa alama in ya tabbata cikin awa ɗaya. A ƙarshen wata ka kwatanta yawan waɗanda suka tabbata da yawan duk waɗanda ka rubuta. Matsalar da ake samu ita ce mantawa da rubuta waɗanda ba su tabbata ba, saboda haka a rubuta kafin sakamako, ba bayansa ba.

Ya halatta in ɗauki arashi a matsayin ishara in yanke shawara da shi?

Musulmi ya yi imani komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, har abin da muke kira arashi. Amma sanin cewa an ƙaddara abu daban ne da iƙirarin sanin abin da ake nufi da shi. A shekara ta 10 bayan Hijira rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim, ɗan Annabi (SAW), ya rasu. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi (SAW) ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim.

Haka nan an hana camfi, wato fasa tafiya ko ciniki don an ga wani tsuntsu ko an gamu da wani mutum da safe. Abin da aka so shi ne kyakkyawan fata, kamar mara lafiya ya ji an kira wani da suna Salim ya ji daɗi a ransa. Buɗe Alƙur'ani da ka don a ga ayar da za ta fito a yanke hukunci da ita, malamai da yawa sun hana, musamman na Malikiyya. Hanyar da aka koyar ita ce istihara da shawara da bincike. Wanda zai yi aure don sunan yarinyar ya zo ɗaya da na mahaifiyarsa, har yanzu binciken asali da hali yana kansa.

Ni marubuciya ce. Masu karatu sun ce arashi ya yi yawa a labarina. Yaya zan gyara?

Rayuwa tana da izinin yin abin da labari ba shi da izini, domin mai karatu ya san akwai hannun da ke juya labarin. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce: arashi ya jefa tauraruwa cikin matsala, amma kada ya fitar da ita. Idan ta shiga motar haya ta tarar kishiyar uwarta ce a gefenta, mai karatu zai gyara zama. Idan kuwa an kusa ɗaura mata auren dole sai ga attajiri ya buge ta da mota, ya kai ta asibiti, aka gwada jini aka gano shi ne mahaifinta da ya ɓata, mai karatu zai ji an raina masa hankali. Arashi uku ne a jere a nan, kuma duk aikin da ya kamata tauraruwar ta yi da kanta suka yi mata.

Ki ɗauki rubutunki ki ja layi a ƙarƙashin duk inda kika rubuta “kwatsam”, “cikin ikon Allah sai ga”, “ashe”, da “ba zato ba tsammani”. Ki ƙirga. Babban arashi ɗaya ya ishi littafi, kuma wurinsa kashi ɗaya cikin huɗu na farko. Sauran ki nema musu sababi. Mutane suna haɗuwa a inda rayuwa ke tara su: gidan biki, zaman makoki, layin awo a asibiti, tashar mota, sansanin alhazai, makarantar kwana, wurin bautar ƙasa. Idan mutum biyu za su haɗu a babi na 20, ki shuka dalilin tun babi na 4, misali a ji cewa ƙanwar wannan tana aure a unguwar su wancan. Idan lokacin ya zo, mai karatu zai ce “ai kuwa!” maimakon “haba!”

Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad su suka fi faɗawa wannan rami, don suna rubutu ba su san ƙarshen ba, idan labari ya cije sai a kira haɗarin mota ko tabon haihuwa. Maganinsa a tsara ƙarshen da manyan mahaɗai biyar ko shida a takarda ɗaya kafin a saki shafin farko. Wata dabara kuma: ki bar taurarin su yi mamakin arashin da bakinsu, har wani ya yi zargin shiri ne. Abin da labari ya amsa cewa baƙo ne, mai karatu yakan yafe shi.

Labarina ya yi kama da na wata marubuciya. Arashi ne ko satar fasaha?

Yana iya zama kowanne, har da na uku. A watan Maris na 1951 zanen barkwanci biyu suka fito, ɗaya a Amurka ɗaya a Birtaniya, duka da suna Dennis the Menace, duka a kan yaro mai ƙiriniya, kuma masu zanen ba su san juna ba. Na ukun shi ne mutum ya karanta abu ya manta, daga baya ya fito masa kamar nasa. Ya faru da Helen Keller, marubuciya Ba'amurkiya makauniya kuma kurma, tana da shekara 11: ta rubuta labari, aka gano ya yi kama sosai da na Margaret Canby da aka taɓa karanta mata.

Jigo ba mallakar kowa ba ne. Auren dole, kishi, maraici, ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, kowa na iya rubutawa, kuma dokar haƙƙin mallaka, har da ta Nijeriya ta 2022, yadda aka zuba labari take karewa, ba ra'ayin da ke ƙarƙashinsa ba. Abin da ake dubawa: wa ya riga fitarwa, ko ta biyun ta samu hanyar ganin na farkon, ko al'amura sun jeru iri ɗaya babi bayan babi, ko akwai jimloli da suka zo kalma da kalma. Shaida mafi ƙarfi ita ce kuskure iri ɗaya. Idan ta farko ta sa wani gari a jihar da ba tasa ba, ta biyu ma ta yi haka, da wuya a ce arashi ne. Don kare kai, a adana daftarin farko da na biyu, a riƙa tura wa kai kowane babi ta imel ranar da aka gama shi, saboda kwanan watan ya zauna a inda ba a iya gogewa.

Idan sunan wani a labarina ya zo daidai da na mutumin gaske fa?

Da irin sunayenmu, dole ne ya zo. Haɗarin yana cikin tara abu uku wuri ɗaya: cikakken suna, unguwa ta gaske, da sana'a ko muƙami. Alhaji wane mai shagon atamfa a layi kaza na kasuwa kaza yana iya kasancewa da rai, kuma idan mugu ne a labarin, rubuta “duk kamanni arashi ne” a shafin farko ba lallai ya hana shi kai ƙara ba. Kafin bugawa a nemi cikakken sunan kowane mugun tauraro a Google da Facebook tare da sunan garin. Idan wani ya fito, a canja biyu daga cikin ukun, ko a ƙirƙiri unguwar da sarautar gaba ɗaya.